Ɗan Uwa Ko Ɗan Uba? Waiwaye Kan Korar Shugaba Darman

Ranar 24 ga Janairu, 1980, jami'an shige da fice su ka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri, su ka tsallaka da shi kan iyaka, su ka sauke shi a ƙasar Chadi. Ba ɓarawo ba ne, ba ɗan fasa-ƙwauri ba ne. A ranar, shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno. Takardar da aka yi aikin da ita ta na ɗauke da sa hannun Ministan Harkokin Cikin Gida na lokacin, marigayi Alhaji Bello Maitama Yusuf, kuma abin da ta ƙunsa shi ne wai wannan mutumin baƙo ne da aka haramta wa zama a Nijeriya. Dalili? Wai mahaifin sa mutumin Chadi ne.

Mai karatu, idan shekarun ka ba su kai hamsin ba, mai yiwuwa ba ka taɓa jin wannan labari ba, ko kuma ka ji shi a bakin dattawa a matsayin abin dariya na siyasar da. Ni kuwa duk lokacin da na tuna shi tambaya ɗaya ce ke tsaya mani a wuya: wa ke da ikon ya dubi mutumin da aka haifa a gari, ya girma a garin, mutanen garin su ka yi layi su ka zaɓe shi, ya ce masa kai ba ɗan nan ba ne?

Bari mu ɗan koma baya. A zaɓuɓɓukan 1979 jam'iyyu biyar ne su ka kara: NPN, UPN, NPP, PRP da GNPP. NPN ta samu kujerar shugaban ƙasa, aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba. Amma Borno, wadda a lokacin ta haɗa har da Yobe ta yanzu, ta juya mata baya. GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai taken “siyasa ba da gaba ba”, ita ta ci kujerar gwamna da Alhaji Muhammadu Goni, ta kuma mamaye majalisar jihar, kamar yadda ta ci Gongola da Alhaji Abubakar Barde. A wannan guguwa Shugaba Darman ya ci kujerar sa, abokan aikin sa kuma su ka ɗora shi a kan jagorancin masu rinjaye. Mutum ne mai jama'a, mai baki, wanda ba ya raga wa gwamnatin tarayya. Tsakanin rantsar da sabuwar gwamnati da ranar da aka tsallaka da shi, ko wata huɗu ba a cika ba.

Wannan lissafin watannin shi ne farkon abin dubawa. Mutumin nan ya shekara da shekaru a Maiduguri, ba a tambayi asalin uban sa ba. Ya shiga jam'iyya, ba a tambaya ba. Ya tsaya takara, hukumar zaɓe ta FEDECO ta bar sunan sa ya shiga, ba a tambaya ba. Sai da ya ci, ya zauna a kujera, ya zama ƙarfen ƙafa, sannan aka tuna cewa akwai wata ƙasa wai ita Bagarmi. Haka abin ya ke a wajen mu har gobe. Ba a tonon asalin wanda ya faɗi zaɓe. Ba a tonon asalin ɗan dako ko mai ga-ruwa. Sai ka samu wani abin da wani ke so, sannan za ka ji an ce, “Ai ka san kakan sa daga Gabas ya zo.”

To amma kada mu yi saurin yanke hukunci, domin gwamnati ma ta na da abin faɗa, kuma ba shirme ba ne gaba ɗaya. Kowace ƙasa ta na da haƙƙin ta san ɗan ta, ta san baƙon ta. Doka ta ce sai ɗan ƙasa ne zai zauna a majalisa. A wancan lokacin kuma Chadi ta na cikin yaƙin basasa; an yi zaman sulhu a Kano da Legas a 1979, amma cikin Maris 1980 wuta ta sake tashi a N'Djamena. Duk gwamnatin da ke da irin wannan maƙwabciyar dole ta sa ido a kan iyakar ta. Idan da gaske baƙo ne ya saci jiki ya hau kujerar yin doka, ai ba za a ce ƙuri'a ta wanke shi ba. Ƙuri'a ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Na yarda da wannan.

Inda na rabu da su shi ne hanyar da aka bi. Idan ka na zargin mutum ba ɗan ƙasa ba ne, ga kotu nan. Ka kai shi, ka kawo hujja, shi ma ya kawo tasa. Abin da aka yi shi ne aka fara da hukunci, aka bar shari'a ta biyo baya. Kuma ba mutum ɗaya aka ɗauke a ranar ba. Duk tsohon da ya bar gonar sa, duk matar da ta goya ɗan ta ta tsaya cikin rana a Yuli 1979 don ta jefa masa ƙuri'a, an haɗa da muryar su an jefa a mota an kai Chadi. Ɗan majalisar jiha ƙaramin mutum ne idan aka gwada shi da minista, amma akwai abin da ya fi ministan da shi: shi jama'a ne su ka aiko shi, ministan kuwa mutum ɗaya ne ya naɗa shi. Ranar da sa hannun naɗaɗɗe ya isa ya share zaɓaɓɓe, to layin da aka yi a rumfar zaɓe ya zama wasan yara.

Allah ya sa akwai alƙalai. Lauyoyin sa su ka shigar da ƙara a Babbar Kotun Maiduguri, gaban Mai Shari'a Oye Adefila. A nan ne aka yi wani abu wanda da a fim aka saka shi, da 'yan kallo sun ce marubucin ya cika ƙari. Labarin da ya fi yaɗuwa daga shari'ar shi ne na wata mata da aka kawo daga Chadi, ta na kuka ta na cewa Shugaba ɗan ta ne na cikin ta, a mayar mata da shi. Shi kuwa ya ce bai taɓa ganin ta ba, mahaifiyar sa ta na nan da ran ta a Maiduguri, kuma an san ta. Uwa biyu, ɗa ɗaya, kamar shari'ar da aka kawo wa Annabi Sulaiman, sai dai wannan ɗan dattijo ne mai furfura. (Ina mamakin yadda har yau masu shirya finafinan mu, da ke yawan kukan rashin labari, ba su waiwayi wannan ba.)

Kotu ta duba tsarin mulkin 1979. Sashe na 23 ya ce duk wanda aka haifa a Nijeriya kafin samun 'yancin kai, matuƙar ɗaya daga cikin iyayen sa ko kakannin sa ya fito daga wata al'umma ta asalin ƙasar, to ɗan ƙasa ne na haihuwa. Ɗaya, ba duka ba. Ko da uban mutumin Bagarmi ne, uwar Babarbariya ce, magana ta ƙare. Sashe na 38 kuma ya ce ba a korar ɗan Nijeriya daga Nijeriya, ba a kuma hana shi shiga. Kotu ta soke takardar korar, ta ce a biya shi diyyar naira 350,000, wanda a kuɗin wancan zamani dukiya ce mai yawan gaske. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, can ma aka tabbatar da cewa ɗan Nijeriya ne. Waɗannan tanade-tanaden su na nan a tsarin mulkin 1999, a sashe na 25 da na 41.

Abin da ya fi burge ni a hukuncin shi ne ta ƙofar uwa aka dawo da shi gida. Mu dubi harshen mu ma. Bahaushe idan zai ambaci makusancin sa, cewa ya ke ɗan'uwa na. Idan kuwa zai ambaci kishi da ƙyashi da baƙin ciki, sai ya ce 'yan ubanci. Wajen haihuwar mutum mahaifa mu ke ce masa, sunan da mu ke kiran inda jariri ke kwance a cikin uwar sa. Amma da zarar an zo rabon kujera ko gurbin aiki, sai mu manta da duk wannan, mu ce ina garin uban ka? Kamar uwa masauki ce kawai da ɗa ya kwana wata tara ya wuce. Gwamnati ta dubi Shugaba Darman da idon 'yan uba, doka ta dube shi da idon 'yan uwa, kuma a ganina dokar ce ta fi kusa da abin da mu ka sani a zukatan mu.

Ban da haka, wace iyaka ma a ke magana? Daular Borno kan ta daga Kanem ta taso, gabas da Tafkin Chadi. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, kakan Shehunan Borno na yanzu, a Fezzan aka haife shi, cikin Libiya ta yau. Rabe ya ci Bagarmi, ya ci Borno a 1893, ya tarwatsa jama'a gabas da yamma kafin Faransawa su kashe shi a Kusuri a 1900. Ita kan ta Yerwa sai a 1907 aka kafa ta. Iyayen mutane irin su Shugaba sun yi ta kai-komo a ƙasa ɗaya da su ka sani, Turawa ne su ka zo daga baya su ka ja layi a takarda. Mu ma nan ƙasar Hausa kada mu yi dariya: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, kuma Maratta yau a Jamhuriyar Nijar ta ke. Wane jami'in shige da fice ne zai iya buɗe baki ya nemi takardun sa?

Sai dai akwai wani ƙaiƙayi da hukuncin bai sosa mani ba. A ce ita ma uwar 'yar Bagarmi ce, an haife ta can, ta biyo mijin ta. Shugaba dai shi ne Shugaba: an haife shi a nan, bai san wani gida ba, jama'a sun yarda da shi sun zaɓe shi. Shin a lokacin korar ta zama daidai? A doka, wataƙila gwamnati ta samu abin kamawa. A wajen lamiri fa? A nan ne na ke ganin kalmar da ta cece shi, wato “al'umma ta asali”, ita ce kuma wuƙar da a ke yanka wasu da ita kullum. Na taɓa raka wani yaron maƙwabcin mu wata sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar zama ɗan asali, don ya cike fom ɗin makaranta. A unguwar mu aka haife shi, a unguwar aka haifi uban sa. Ma'aikacin ya dubi sunan kakan, ya turo takardar, ya ce, “Malam, ku je garin ku a ba ku.” Yaron ya juyo ya dube ni ya ce, “Baba, ina ne garin mu?” Wallahi ban samu amsar ba shi ba. Babu mota, babu jami'an tsaro, babu jarida, amma korar ita ce dai.

Kuma cutar ba ta mu kaɗai ba ce. Ghana ta kori baƙi a 1969 a zamanin Busia, abin ya faɗa kan Hausawan zango da yawa. Mu ma mu ka rama a 1983, a ƙarƙashin gwamnatin da ta kori Shugaba. A Zambiya, Kenneth Kaunda da ya mulki ƙasar shekara 27, wata kotu ta ce a 1999 ba ɗan ƙasa ba ne, don iyayen sa daga Malawi su ka zo. A Kwaddebuwa an hana Alassane Ouattara takara a 2000 da sunan shakkar asalin sa, ƙasar ta afka yaƙi, daga baya kuma shi ɗin ya hau mulki. A nan gida, a shari'ar zaɓen 2019, lauyoyin APC sun ce Atiku Abubakar ba haifaffen Nijeriya ba ne, wai don Jada ta na cikin yankin Kamaru na Ingila lokacin da aka haife shi a 1946, alhali mutumin ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas. Ka lura da kyau, babu ɗaya daga cikin waɗannan 'yan siyasa da aka tuhumi asalin sa a lokacin da ya ke tare da masu mulki.

Jamhuriya ta Biyu ba ta yi tsawon rai ba. GNPP ta dare, Goni ya koma UPN, NPN ta karɓe Borno a zaɓen 1983 da Alhaji Asheik Jarma, ba a kuma cika wata uku da rantsar da su ba sojoji su ka kwashe kowa ranar 31 ga Disamba. Waziri Ibrahim ya rasu a 1992, Shagari a 2018, Goni a 2020, Bello Maitama a 2023 bayan ya yi sanata daga Jigawa. Shugaba Darman ya rasu a 2010, shekara talatin bayan an ce ba ɗan nan ba ne. Sunan sa ya na nan a littattafan da ɗaliban lauya ke karantawa idan an zo babin 'yancin ɗan ƙasa. Yaron maƙwabcin namu kuwa, sai da wani kawun sa na wajen uwa ya tsaya masa a wata ƙaramar hukumar sannan ya samu takardar.