Tabon Maƙera da Tabon Kasuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Dogon Kiriya, ko Matankari, ko Dogon Dutsi, ya san gardamar da ake yi a kan kuɗin ƙarfe. Mai saye ya miƙa dala ashirin, mai wake ya juya ta ya ce ta suɗe, ba ya karɓa. Dala hamsin kuwa, wadda aka fitar a 1992, an daɗe ana gudunta a kasuwanni ko da lafiyarta ƙalau. Waɗannan sulalla na sefa babban bankin BCEAO ne mai hedikwata a Dakar yake fitar da su, kuma mafi yawansu an buga su ne a maƙerar kuɗi ta Faransa da ke Pesak, kusa da Bordo. Daga can suke bin hannu zuwa hannu har su iso ƙasar Arewa.

Masana kuɗin ƙarfe sun raba aibin sulalla gida biyu. Akwai wanda kuɗi ya fito da shi daga maƙera, akwai wanda ya same shi a hanya. Ana buga kuɗi ne ta hanyar matse ɗan faifan ƙarfe tsakanin hatimi biyu. Idan hatimin ya tsage, ƙarfen zai kutsa cikin tsagar, sai layi ya fito a fuskar kuɗin yana tudu, kuma duk kuɗin da aka buga da wannan hatimi za su fito da layin a wuri ɗaya, kama ɗaya. Ƙarzar wuƙa ko ta ƙusa kuwa rami take yi, tana ture ƙarfe gefe, kuma ba a samun biyu iri ɗaya. Suɗewa tana fara cin wuraren da suka fi tudu, sannan ta bi sauran a hankali. Masu tara tsofaffin kuɗi suna sayen mai aibin maƙera da tsada: akwai kwabon Amurka na 1955 da rubutunsa ya fito biyu-biyu, wanda har yau ake nemansa. Saboda wannan tsada ne wasu suke dukan kuɗi mai lafiya da guduma, su ce haka ya fito.

A nan akwai tambaya ga muridi. Aibin da yake gani a kansa, da shi aka halicce shi, ko a hanya ya tsince shi? Tambaya ce mai nauyi, domin hukuncin biyun ya bambanta. Abin da aka halicci bawa da shi ba a tuhumarsa a kai, haƙuri da yarda ake nema a wurinsa. Abin da ya tara da hannunsa kuwa tuba da gyara yake bukata. Sai dai misalin yana da iyaka. Maƙeri yana kuskure, Mahalicci ba Ya kuskure. Makanta, da in'ina, da nauyin fahimta, ƙaddara ce da jarrabawa mai hikima a cikinta. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma ya yi ladanci a Madina.

Shi ma hali ana iya halittar mutum da shi. Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi, da Annabi (SAW) ya yaba masa da juriya da rashin gaggawa, ya tambaya ko shi ya koye su ko an halicce shi da su, aka amsa masa cewa Allah ne Ya halicce shi a kansu. To, tunda haka ne, yaya za a rarrabe? Alamomin masana kuɗi suna da amfani a nan.

Ta farko, lokaci. Mutumin da aka sani da sakin fuska tun yana yaro, sai bayan ya samu rumbu biyar na hatsi ko kujera a ma'aikata ya daina amsa gaisuwa, ba zai ce haka Allah Ya yi shi ba. Maƙwabta sun san shekarar da abin ya fara.

Ta biyu, daidaito. Tabon hatimi kamarsa ɗaya ko'ina. Mai in'ina yana yin ta gaban sarki, yana yin ta gaban ɗansa. Amma wanda yake cewa shi mai zafin zuciya ne, alhali zafin ba ya tashi sai a kan matarsa da yaran gida da almajirai, gaban jandarma ko mai ba shi bashi kuwa ya yi laushi kamar auduga, ya nuna cewa linzamin yana hannunsa. Zaɓar wanda zai huce a kansa yake yi.

Ta uku, sawu. Ƙarza tana nuna abin da ya yi ta. Rowa, da giba, da ha'inci a mudu duk suna da tarihi: majalisar da aka zauna, abokin da aka bi, ƙaramar ƙaryar da aka fara da ita ta wuce lafiya. Suratul Muɗaffifina, wadda ta fara da gargaɗi ga masu tauye awo, ita ce ta ambaci tsatsar da ke rufe zukata saboda abin da mutane suka aikata.

Wani zai ce: ai akwai wanda da gaske aka haife shi da zafin rai. Haka ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya tattauna wannan a cikin Ihya'u, a littafin horar da rai. Ya nuna cewa da hali ba ya sauyawa, da wa'azi da tarbiyya sun zama banza, kuma abin nema shi ne daidaita fushi, ba tumɓuke shi ba. Sayyidina Umar mai tsanani ne kafin Musulunci da bayansa, amma tsananin ya koma hidimar gaskiya. Ba a tambayar bawa dalilin da wuta ta kasance a ƙirjinsa, ana tambayarsa abin da ya ƙona da ita.

Kuskure a wannan babi yana zuwa ta fuska uku. Akwai mai jingina laifinsa ga halitta don ya huta da gyara. Akwai mai zargin ɗan'uwansa a kan abin da ba shi da hannu a ciki, kamar malamin da ke dukan yaro mai nauyin hadda yana kiransa malalaci, ko masu gudun mai farfaɗiya. Na uku shi ne mai guduma: wanda ya ga ana girmama majzubai na gaskiya, waɗanda hankalinsu ya tafi cikin hali ba da zaɓinsu ba, sai ya bar salla a kan lokaci, ya riƙa sakin baki, yana cewa hali ne ya rinjaye shi. Shehunan tarbiyya sun daɗe da ba da ma'auni: a duba tsayuwarsa a kan Shari'a, a duba kuma ko jazabar tasa tana mantar da shi lissafin hadiyya.

Mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Shi ya sa Gazali ya lissafa hanyoyi huɗu na sanin aibin kai: zama gaban shehi masani, riƙon aboki mai gaskiya, sauraron abin da maƙiyi yake faɗa, da ɗaukar abin da ake ƙi a wurin mutane a matsayin madubi. Muridin da muƙaddami ya nuna masa tabo ya amsa da cewa halittarsa ce, ya rufe ƙofar farko da hannunsa.

Kuɗin da suka suɗe, ko kasuwa ta ƙi su, darajarsu tana nan a wurin bankin da ya fitar da su, kuma BCEAO yana da rassa a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Bawa ma haka yake a wurin Ubangijinsa: mutane na iya jefar da shi, ƙofar tuba kuwa a buɗe take. Ya ma fi kuɗi sa'a, domin hoton da ya suɗe a ƙarfe ba ya dawowa, amma zuciya istigfari da salati da zikiri suna wanke ta. Sharaɗin kawai shi ne ya kira tabonsa da sunansa na gaskiya.

Allah Ya ba 'yan'uwa basirar gane aibin kansu, da haƙurin ɗaukar abin da Ya ƙaddara musu, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.