Haƙƙin Wanda Gyara Bai Iso Masa Ba

A zaurukan karatu na Dogon Dutsi da Tibiri, ɗalibin da ya sauke Ahalari da Ishmawi yakan buɗe Risala, in Allah ya ja kwana har ya kai Muhtasar. Duk littattafan nan na Malikiyya daga Mudawwana suke sha, ita kuwa Mudawwana gyara ne ya haife ta.

Asad ɗan Furat ya zauna gaban Ibnul Ƙasim a Masar, almajirin Imamu Malik, ya tattara amsoshinsa a littafin da ake kira Asadiyya, ya kai Ƙairawan. Daga baya Sahnun ya ɗauki littafin ya koma da shi wurin malamin. Ibnul Ƙasim ya janye wasu amsoshi, ya tabbatar da wasu, sannan ya rubuta wa Asad takarda cewa ya daidaita nasa da na Sahnun. Asad ya ƙi. Mutum ne mai daraja, alƙali, wanda ya rasu a 828 yana jagorantar runduna a Sisili, amma littafinsa ya dushe, na Sahnun, wato Mudawwana, ya mamaye Magrib har ya ƙetaro Sahara.

Abin lura shi ne takardar. Malamin bai ce ya gyara a zaurensa ba, shi ke nan. Ya san akwai mutane can nesa da ke alwala da ciniki da aure bisa tsohuwar amsa, ya kuma ga haƙƙinsu yana wuyansa.

Irin wannan haƙƙin ne ke wuyan masu kula da Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda kowace wayar Android ke tafiya a kanta. Akwai babban tushe inda ake sabon aiki, akwai tsofaffin rassa da miliyoyin na'urori suka dogara da su. Dokar su Greg Kroah-Hartman, mai riƙon waɗannan rassa, a fili take: sai gyara ya fara shiga tushe kafin a mayar da shi baya, kuma ya zama ƙarami, mai maganin cuta ta gaske, ba ƙawa ba. Aiki ne mai cin rai, domin sau da yawa sai an sake yanka gyaran ya dace da tsohon gini. Reshen 4.19, wanda ya fito a 2018, an yi ta yi masa wannan hidima har Disamban 2024.

To, ina gyaran yake maƙalewa? A hannun wanda ya ƙera wayar. Manomin gero a Arewa da ya sayi salula mai araha, yana karɓar kuɗin ɗansa da ke cirani ta cikinta, ba ya iya sauya ta duk shekara biyu. In kamfani ya daina aiko gyara, ramin da duniya ta riga ta toshe yana nan buɗe a aljihunsa, shi kuma bai sani ba.

Fiƙihu ya haramta sayar da kaya tare da ɓoye aibinsa. Aibin da aka gano bayan ciniki, maganinsa na hannu kyauta, riƙe shi ya fi kusa da cin amana. Masu shigo da wayoyi Nijar su tambayi shekara nawa za a riƙa aiko gyara, su kuma faɗa wa mai saye kafin ya miƙa kuɗinsa.