Shiru Ba Yarda Ba Ne

A asibiti likita yana sama, nas tana ƙarƙashinsa. Sau da yawa shaidar aikinta da ƙarin girmanta suna hannunsa. In ya tare ta cikin aikin dare da zancen banza ko taɓe-taɓe, ta yi shiru, ta yarda ke nan? A'a. Tsoron rasa abincinta ne ya rufe mata baki.

Cikin 2 Sama'ila sura 11, Sarki Dawuda ya aika aka kawo masa Bat-sheba. Wa ya isa ya ƙi kiran sarki? Da Ubangiji ya aiko annabi Natan kuwa, wurin mai ikon ya aike shi da tsautawa.

A Nijar, tun 2003 doka ta haramta matsa wa mutum don neman lalata. Amma doka ba ta kwana a ɗakin majinyata. Kowane asibiti yana bukatar Natan nasa, wato mai karɓar kuka wanda ba ya ƙarƙashin likitan, mai riƙe asiri, mai hana ramuwa. Abokin aikin da ya gani ya kau da kai kuwa, ya zama kamar manzannin da suka ɗauko ta zuwa fāda.