Haƙƙin Mai Tafiya A Ƙasa A Kan Hanyar Kura

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya sanya hanyoyi a cikinta domin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma jawo ruwanta ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, mutanen wannan yanki suka daina zaman kashe wando da rani. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa, duk sai wanda manomi ya zaɓa. To, amma babbar hanyar da ta taso daga Kano zuwa Zariya ta tsakiyar wannan arziki ta ratsa. Sau da yawa gidan mutum yana wannan gefe, gonarsa tana wancan, haka makarantar ɗansa. An sake gina hanyar, aka buɗe ta a 2023, ta yi sumul, kuma kowa ya san abin da direba ya ke yi idan ya sami hanya sumul. Wanda ya taɓa ganin Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir, ya ga mai keke ɗauke da kwanduna yana neman ratsawa tsakanin tirela da tanka, ba ya bukatar ƙarin bayani.

Tambayar ita ce, shin ya dace Musulmi su haɗa kai su rubuta wa hukuma takarda suna neman gadar tsallakawa da ɓangaren masu keke da tudun rage gudu? Akwai masu ganin wannan wahalar banza ce, har ma da alamar raunin imani. Hujjarsu kuwa ita ce, wanda kwanansa ya ƙare ko an gina masa gada goma sai ya tafi.

Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma sahabbai sun riga sun warware wannan mas'ala. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Sayyidina Umaru, Allah Ya yarda da shi, ya kama hanyar Sham, da ya isa wani wuri mai suna Sargu sai aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah za a yi. Umaru ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Manomin Kadawa ya fi kowa sanin wannan. A watan Maris ba ya zama yana duban sama, sai ya je ya buɗe ruwa ya shayar da alkamarsa, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce masa ya rasa tawakkali ba. To, me ya sa riƙo da sababi ya halatta a kan alkama, sai a kan ran yaro ɗan makaranta za a ce a bar wa Allah?

Sa'an nan akwai wani kuskure da ya fi wannan yaɗuwa, wato zaton cewa titi na mai mota ne, mai ƙafa da mai keke kuwa alfarma ake yi musu. Shari'a ba ta san wannan ba. Hanya haƙƙin jama'a ce gaba ɗaya, shi ya sa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi hukuncin a bar mata faɗin kamu bakwai idan aka yi jayayya a kanta, don kada mai ƙarfi ya cinye ta. Ya kuma koyar da cewa mahayi shi ne zai fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama. Malamai sun ce hikimar hakan ita ce a karya girman kan wanda ya ke sama. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda kowane almajiri a ƙasar Kano ya san ta, an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai korarta da mai janta. Idan haka ne hukuncin jaki da doki, ina ga mai tuƙa tirela cike da siminti? Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i kuwa ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kaffarar da a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Wannan ya isa ya nuna cewa cewar "tsautsayi ne" ba ta rufe maganar jini.

Game da masu cewa kai kuka ga shugabanni rashin ladabi ne, sai su tuna da littafin Usulus Siyasa wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A ciki ya lissafa gina gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin ayyukan da ke wuyan shugaba. Tunatar da mutum abin da ke wuyansa nasiha ce, hadisin Tamimud Dari kuwa ya sanya shugabanni cikin waɗanda ake yi wa ita. Abin da ake bukata shi ne a ƙwanƙwasa ƙofar da ta dace. Hanyar ta Gwamnatin Tarayya ce, saboda haka shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon gina kome a kanta shi kaɗai. Sai a bi ta hannun dagaci da hakimi da shugaban ƙaramar hukumar da ɗan majalisa, takarda ta kai ga Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da Hukumar Kiyaye Haɗurra wadda aka kafa a 1988. A kuma faɗi abin da ake so filla-filla. Gada mai matakala zalla ba ta amfanar tsohuwa, balle mai keke da buhun taki, don haka a nemi mai gangare, a kuma gina ta inda mutane su ke tsallakawa da ma. Gadar da aka kafa nesa da kasuwa akuyoyi za ta yi wa inuwa.

Sai dai mai neman haƙƙi shi ma akwai haƙƙi a kansa. Lokacin da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, Annabi ya sharɗanta musu abubuwa, daga ciki har da kame cutarwa. Gefen titin da mai keke zai raɓa, sau nawa ake samunsa an shanya shinkafa a kai, ko an jera kwanduna, ko an ajiye motar lodi? Mai keken nan dole ya karkata ya shiga tsakiyar titi, kuma wanda ya tura shi can maƙwabcinsa ne. Haka nan samarin da kan fusata bayan an buge wani, su tara ƙasa da duwatsu su yi tudu a kan kwalta ba fenti ba alama. Niyyarsu mai kyau ce, amma a mazhabar Imamu Maliku wanda ya haƙa rami ko ya ajiye wani abu a hanyar Musulmi inda ba a ba shi izini ba, shi ne zai lamunci abin da ya halaka saboda shi. Idan ɗan babur ya ci karo da tudun nan cikin dare ya mutu, a kan waɗanda suka tara ƙasar za a fara binciken diyyarsa.