Daga Filin Ƙwallo Zuwa Kujerar Shari'a

Karatu: Littafin Firistoci 19:15, Yakubu 2:1-9

Ko ka taɓa jin labarin Alan Page? An haife shi a 1945 a garin Canton, jihar Ohayo ta Amurka. Ya yi suna a ƙwallon Amurka, irin wadda ake ɗauka da hannu ana gudu. Daga 1967 zuwa 1981 ya buga wa Minnesota Vikings, sannan Chicago Bears. A 1971 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na shekara, shi ne ɗan tsaron baya na farko da ya sami wannan girma. Yana cikin wasan yana karatun lauya, har ya gama a 1978. A 1993 ya zauna a Kotun Ƙoli ta jihar Minnesota, baƙar fata na farko a wannan kujera, ya yi shari'a har 2015.

Ka dubi bambancin ayyukan nan biyu. Ɗan wasa yana da ɓangare. Rigar da ya sa ita ke faɗa masa wa zai taimaka, wa zai tare. In ya yi haka, jama'a su yi masa tafi. Amma alƙali, ranar da ya zama ɗan wani ɓangare, ranar ya ci amanar aikinsa. Abin da ya zama abin yabo a fili, shi ne abin kunya a kotu.

To, tsaya wa naka laifi ne? A'a. Allah ne ya ba mu iyali, dangi da ikilisiya, yana kuma so mu riƙe su da aminci. Matsalar tana zuwa sa'ad da aka kawo mana magana mu raba, mu kuwa ba mu tuɓe rigar ƙungiyarmu ba.

Kada ka ce kai ba alƙali ba ne. Ɗanka ya yi faɗa da ɗan maƙwabci, ga su a gabanka. Matarka da mahaifiyarka sun sami saɓani. Dattawan ikilisiya sun zauna a kan rikicin iyakar gona tsakanin gwauruwa da mutumin da ya sa wa majami'a kwano. A irin wannan lokaci kujerar shari'a kake kai, ko da tabarma ce.

Manzo Yakubu ya tsawata wa masu bi da ke ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, su bar matalauci a tsaye. Ya kira wannan zunubi. Littafin Firistoci kuma ya ƙara abin da mukan manta: haramun ne a karkata shari'a don girman mai arziki, haramun ne kuma a karkata ta don tausayin matalauci. Ka taimaki matalauci da aljihunka, ba da ƙarya ba.

Wannan yana da tsada. Alƙalin gaskiya ba ya samun tafi. Wataƙila ɗan'uwanka ya yi wata guda bai gaishe ka ba. Amma ka tuna da Allah. Yana ƙaunarmu, duk da haka bai ce zunubinmu ba kome ba ne. Ya yanke hukuncin daidai, Yesu Almasihu kuma ya ɗauke shi a kan gicciye. Ƙauna ba ta murɗe gaskiya. Takan biya kuɗinta.

Wace magana ce ke jiran hukuncinka a wannan mako? Ka saurari ɗaya ɓangaren har ya gama, kafin ka buɗe baki.

Addu'a: Ya Ubangiji, Mai Shari'a na gaskiya, ka tsare ni daga son kai da tsoron mutane. Ka ba ni zuciyar da za ta ƙaunaci nawa ba tare da ta zalunci na wani ba. A cikin sunan Yesu, Amin.