Kwaikwayo da Ƴancin Makaɗi

Abin da ke fara kama mai sauraron jaz shi ne sakewar makaɗin. Mutum ne zaune gaban piyano, babu takarda a gabansa, yatsunsa na zuwa inda suka ga dama, kuma in ya maimaita waƙar gobe ba zai bi hanyar yau ba. Saurayin Bonkuku ko na Filinge da ya ga haka a wayarsa, har ya tara kuɗi ya sayo ƙaramin Casio ko Yamaha mai maɓalli 61 daga Yamai, wannan sakewar yake nema. Sai dai abin da zai tarar a watannin farko takura ce zalla. Hannun hagu zai danna sautuka uku ko huɗu tare ya riƙe, hannun dama ya hau ya sauka a kan matakan do, re, mi, ɗan ƙaramin yatsa yana gardama, na kusa da shi yana ƙin ɗagawa shi kaɗai. Za a ce ya saurari guntun kiɗan wani, ya maimaita har ya zauna masa. Tambayar da ke nan ta girmi jaz, ta girmi piyano: wanda ya ba da shekarunsa ga bin sawun wani, kansa yake rasawa ko kansa yake ginawa? Ni dai na tsaya a kan cewa ƴancin makaɗi ɗan kwaikwayo ne, ba shi da wani uba, kuma mutanen Imanan da Kurfai, wato yankunan Bonkuku da Filinge, sun san wannan tun kafin piyano ya iso ƙasarsu.

Tarihin jaz kansa ne shaida ta farko. Duke Ellington, tun yana matashi a Washinton, ya samu naɗin takarda mai huji-huji, irin wanda ake sa wa piyano ya kaɗa kansa, ɗauke da kiɗan James P. Johnson mai suna Carolina Shout. Ya rage gudun naɗin, yana kallon maɓallan na nutsewa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora yatsunsa a kansu, har ya haddace, daga baya ma ya kaɗa shi a gaban Johnson ɗin. Da wuya a samu kwaikwayon da ya fi wannan tsanani, tunda har motsin yatsa aro ne. Amma wanda ya ji Ellington na shekarun girma ba zai ɗauke shi Johnson ba. Haka Ahmad Jamal, wanda aka haifa a Pitsbag a 1930 ya kuma musulunta a 1950, ya shiga hannun malama yana ɗan shekara bakwai, ya sha horo a kiɗan Turai, sannan ya shahara da abin da ba a rubuta shi a takarda: sanin inda zai ɗage hannu ya bar shiru ya yi aiki. Mai yawan magana da ya zaɓi yin shiru daban yake da wanda ba shi da abin faɗa, kuma shirun Jamal na farkon ne.

A Dallol Boso, inda Abzinawa da Zabarmawa da Kurfayawa suke zaune kusa da juna, tsarin bai bambanta ba. Kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, kuma sarauta da sana'a kowace da takenta. Yaron makaɗi yana daɗewa yana riƙe kanzagi, yana buga abu ɗaya ba ƙari ba ragi, yayin da babba ke yawo a saman kiɗan. Ba a yarda da shi sai ya iya kaɗa take yadda mai take zai ji ya tashi tsaye. Bayan nan ne ake barinsa ya yi ado, ya jinkirta nan, ya gaggauta can, kuma masu sauraro suna jin daɗin adon ne saboda sun san asalin da ake yi wa adon. Jaz ma haka yake tafiya: a fara da waƙar da kowa ya sani, ko da zagayen bulus mai gaɓa 12, sannan kowa ya faɗi nasa a cikin wannan zagayen, a dawo a rufe da waƙar. In babu zagayen, ba yadda za a gane cewa makaɗi ya ƙirƙiri wani abu, domin sabo ba ya bayyana sai a gefen sananne.

Akwai suka mai nauyi, kuma daga addini take fitowa. Alƙur'ani ya zargi waɗanda hujjarsu kawai ita ce sun tarar da iyayensu a kan abu, malamai kuma sun daɗe suna gargaɗi game da makauniyar biyayya. In bin sawu abin zargi ne a can, me zai sa ya zama abin yabo a nan? Ba na daidaita kiɗa da ilimin addini, amma hanyar da ɗan Adam ke koyo guda ce, don haka misalin malamai yana da amfani. Imam Shafi'i ya haddace Muwaɗɗa kafin ya je Madina ya zauna gaban Imam Malik, kuma wannan ɗalibin ne daga baya ya saɓa wa malaminsa a mas'aloli da hujja, ya kafa nasa tafarkin. Almajirin da ke bin Ahalari zuwa Ishmawi zuwa Risala yana karɓa ne kafin ya fahimta, da niyyar ya fahimta. Abin da aka zarga shi ne karɓar da ta ƙi tambaya, ta mai da kanta masauki. Jaz yana da gwajin da ke raba waɗannan biyun ba tare da gardama ba. Ɗalibi ya haddace jimlar kiɗa a matakin do, sai a ce ya ɗauke ta ya kaɗa a fa, a si-bemol, har ya zagaye matakai 12. Wanda wurin yatsu kawai ya haddace zai tsaya cik, don baƙaƙen maɓallai sun sauya masa hanya. Wanda ya gane dangantakar sautukan zai wuce, ko da a hankali. Daga ranar da ya iya ɗaukar jimlar ya kai ta inda mai ita bai kai ta ba, ta fara zama tasa.

Batun halaccin kayan kiɗa kuwa tsohon saɓani ne. Malaman Malikiyya da yawa sun hana, Ibn Hazm ya halatta, Gazali ya ware wa sauraro babi a Ihya'u ya rataya mafi yawan hukuncin a kan halin mai ji da abin da ke tare da kiɗan. Ko a gidan Shehu Usmanu an bambanta, ƙanensa Abdullahi ya tsananta, Shehu ya sassauta a littattafansa na baya. Wanda ya bi masu hani ya bi malamai, kuma ba da shi ake wannan muhawara ba.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta baƙunci. Za a ce: to, a yi kwaikwayo, amma me ya sa ɗan Imanan zai kwaikwayi mutanen Amurka, a kan abin kiɗan da aka ƙera a Italiya, alhali ga goge ga gurmi ga tande? Akwai gaskiya a ciki da bai kamata a rufe ba. Piyano ya yanka murya gida 12 ya kulle, goge kuwa yana zamewa tsakanin sauti da sauti yadda muryar mutum ke yi, kuma wannan zamiyar ita ce rabin daɗinsa. Kunnen da ya tashi a kan maɓalli kaɗai yana iya fara jin goge kamar kuskure, wannan kuwa asara ce babba. Sai dai maganin ba ya cikin rage kwaikwayo, yana cikin faɗaɗa shi. Baƙaƙen maɓallan nan da ke jere biyu da uku suna ba da sautuka biyar, kusa da ma'aunin da waƙoƙin yankin da yawa ke tafiya a kai, don haka ɗalibi na iya zama da kiɗan mai gogen garinsu ya lalubo shi da kunne kamar yadda zai lalubi Jamal. Mamman Sani ya nuna haka a Yamai: ya ɗauki ogan ɗin lantarki na Italiya ya zuba masa waƙoƙin ƙasar, ya naɗa a 1978, kiɗan ya zama abin da ƴan Nijar ke ji tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, har aka sake fitar da shi ga duniya a 2013. Su ma manyan jaz sun biyo hanyar ta wannan gefen. Randy Weston ya zo Legas a 1961, ya zauna Maroko shekaru yana koyo wurin makaɗan Gnawa. Yusef Lateef, da ya haura sittin kuma sunansa ya riga ya zagaya duniya, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. Mutumin da ya kai wannan matsayi ya koma ɗalibi, kuma ba wanda ya ce ya rasa kansa a Zariya.

Saura abu ɗaya da dole a amsa: da yawa suna shiga kwaikwayo ba su fita. Haka ne, ana samun wanda zai mutu yana kaɗa jimlolin wani. Amma laifin yakan koma ga yadda aka koyar, in malami ya riƙe yaro a kanzagi har abada don tsoron kada ya fi shi. Al'adar jaz ta yi wa wannan tanadi mai kyau, wanda ya dace duk mai koyarwa ya ɗauka, ko a cibiyar Elhaji Taya ta Yamai ko a zauren wani gida a Bonkuku. Ba a jira sai ɗalibi ya gama kafin a ba shi fili. Tun yana da jimloli uku a hannu ake sa shi cikin masu kiɗa, in zagaye ya zo kansa a gyaɗa masa kai, ya cika gaɓoɓinsa 12 da abin da ya ara da ɗan abin da ya zo masa, sauran suna riƙe masa lokaci har ya kai ƙarshe.