Shin Ya Kamata Gwani Ya Ɓoye Gwanintarsa?

Shekaru da dama da suka wuce, a wata makarantar sakandare da na koyar a ƙasar Kankiya, na yi maƙwabtaka da wani malamin lissafi, Bahaushe Kirista daga wajen Malumfashi. Bangonmu ɗaya a gidajen malamai, saboda haka duk yammacin Asabar nakan ji shi yana gwajin waƙoƙin da zai kaɗa washegari a cocinsu, da wani ɗan piyano mai aiki da batir. Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne, idan yana kiɗan nishaɗinsa shi kaɗai sai ka ji yatsunsa suna zuba kamar ruwan sama a kan kwano, amma da zarar ya koma kan waƙoƙin Lahadi sai kiɗan ya zama sassauƙa kamar na ɗan koyo. Ran nan dai haƙurina ya ƙare na tambaye shi dalili. Amsar da ya ba ni ce ta haifi wannan ɗan rubutu, domin kuwa tambayar da ke cikinta ta shafe mu, mu masu riƙe da alƙalami.

Kafin in kawo amsar, yana da kyau mai karatu ya san irin aikin. Yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi na cocin Hausa fassara ce daga Turanci, kalmomin na Hausa, karin kuwa na Turai. 'Yan mishan ne suka zo da su, irin waɗanda suka zauna a Wusasa kusa da Zariya, inda aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa a 1929, shekara uku kafin fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. An tsara irin waɗannan waƙoƙi ne don muryoyi huɗu, biyu na mata biyu na maza. Aikin makaɗi shi ne ya mayar da su kan yatsu goma, ya yi ɗan gabatarwa don jama'a su gane waƙar, ya ba su sautin da za su fara da shi, ya kuma bar musu wurin numfashi tsakanin layi da layi.

To, ga abin da maƙwabcina ya ce. Lokacin da ya fara kiɗa a coci yana saurayi, akwai wata Lahadi da ya shirya wa wata sananniyar waƙa ado iri-iri, ya kwana uku yana gwaji. Da ya fara kaɗawa sai ya ji muryoyi suna raguwa, kafin baiti na uku kusan kowa ya yi shiru. Shi kuwa a zatonsa daɗi ne ya kashe musu jiki. Bayan an tashi, wata tsohuwa daga cikin Zumuntar Mata ta tare shi a ƙofa ta ce, "Ɗan nan, sannu da ƙoƙari. Yau kai kaɗai ka yi sujada, mu kallo muka zo." Ya ce mini, "Malam, tun daga ranar nan ban sake kaɗa abin da Iya ba za ta iya bi ba."

Abin mamaki, wannan ƙorafi tsoho ne ƙwarai. A shekarar 1706, a garin Arnstadt na ƙasar Jamus, shugabannin coci sun kira makaɗinsu, wani matashi ɗan shekara 20, suka tuhume shi da cusa baƙin sautuka cikin waƙoƙin ibada har jama'a suna rikicewa. Sunan matashin Johann Sebastian Bach, wanda a yau ake lissafa shi cikin manyan masu tsara kiɗa na duniya. Ashe ko gwanin gwanaye bai tsira daga tambayar tsohuwar nan ba: kiɗan naka ne, ko namu?

Mu ma Musulmi mun san makamancin wannan ladabi, ko da yake ba ina kwatanta salla da kiɗa ba ne. Ya zo a hadisi cewa Mu'azu ɗan Jabal ya tsawaita karatu yana limanci har wani ya fice daga sahu, Manzon Allah (SAW) kuwa ya ja hankalinsa. An umarci mai jan salla ya sassauta saboda a bayansa akwai tsoho da mara lafiya da mai uzuri, idan kuma shi kaɗai ne ya tsawaita yadda ya so. Wato duk wanda aka sa a gaba, ƙarfin na baya ne ma'auninsa.

Sai dai kuma akwai wani gefen da bai kamata mu tsallake ba. Wani zai ce baiwa kyauta ce daga Allah, ɓoye ta kuwa butulci ne. Idan kullum gwani zai sauko daidai da wanda ya fi kowa rauni, yaushe jama'a za su ci gaba? Kuma malalata nawa ne suke fakewa da sunan sauƙaƙawa alhali ƙyuyar gwaji ce ta hana su? Wannan magana tana da ƙarfi, ni kaina na daɗe ina ganin ita ce gaskiya.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne lura da yadda maƙwabcin nawa yake shiri. Na gano cewa kiɗan nan mai sauƙi ya fi cin lokacinsa. Yakan sauko da waƙa ƙasa kaɗan daga yadda aka rubuta ta don tsofaffi su iya kaiwa ba tare da ƙaraji ba, abin da ke nufin sake koyon wurin ɗora kowane yatsa. Yakan kuma yi fama da karin harshe. Hausa tana rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya: kuka na hawaye dabam, kuka ta miya dabam. Idan karin Turai ya sauko a inda kalmar ke buƙatar tsayawa a sama, sai mai roƙon Ubangiji ya ji kukansa ya zama kamar mai tallar miya. A irin wannan wuri yakan rage ƙarar hannunsa don kalmar ta fita, ko ya shawarci mawaƙa a sauya ta. Ado kuwa sai a baitin ƙarshe yake saka shi, lokacin da waƙa ta zauna a bakin kowa.

Magabatansa a wannan sana'a sun bi hanyar. T. K. E. Phillips, wanda ya daɗe yana kaɗa ogan a babban cocin Angilika na Legas, ya wallafa littafi kan kiɗan Yarbawa a 1953, ya kuma dage a kan cewa karin waƙa ya bi karin magana. Ɗalibinsa Fela Sowande, wanda ya rasu a 1987, ya ɗauki waƙoƙin gida ya gina manyan kaɗe-kaɗen ogan a kansu, ɗaya daga ciki sunansa Obangiji. Ko nan kusa da mu, duk wanda ya saurari marigayi Mamman Shata ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999, ya san masu kalangunsa gwanaye ne, amma gwanintarsu ita ce sanin inda za su lafa don maganar maigida ta fito.

Saboda haka amsata ga tambayar da ke sama ita ce, ba a ce gwani ya binne baiwarsa ba, an ce ne ya san wanda yake yi wa aiki da ita. Adon da ya ɗauki mutane ya kai su inda suka nufa amana ce aka sauke. Wanda kuwa ya tsayar da su suna kallon mai adon, cin amana ne, komai kyansa.

'Yan'uwana marubuta, musamman masu tasowa, mu duba rubutunmu da wannan ido. Sau nawa muke jera karin magana biyar a sakin layi ɗaya, ko mu cusa kalmar Larabci ko ta Turanci don kawai a ce mun yi karatu? Ni kaina na sha yin haka a gaban allo, in fito ina jin daɗin bayanina, ɗalibai kuwa ba su tafi da komai ba. Mai karatu ba zai tare mu a ƙofa kamar tsohuwar nan ba, zai rufe littafin ne kawai ya yi gaba. Allah Ya sa mu gane tun kafin ya rufe, amin.